Wa Zai Yi wa Mai Kashe Gobara Jaje?

A layinmu na Maamobi akwai wani dattijo da ba ya wuni a gida ranar Babbar Sallah. Yana zuwa idi, ya dawo ya yanka ragonsa da hannunsa, ya wanke wuƙa, ya bar wa 'ya'yansa fiɗa. Da zarar yara sun hura wuta a bakin kwata za su fara babbakar kai da ƙafafu, sai ka ga ya saɓa babbar riga ya nufi inda ake shiga trotro, motar haya. Bakin teku yake tafiya, can wajen Labadi inda iska ke kaɗawa, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Wasu suka ce rowa ce, gudun masu roƙon nama yake yi. Matan layi suka ce iska ce ta taɓa shi. Wata shekara na tare shi a bakin masallaci na ce, "Baba, ko lafiya?" Ya ɗan dube ni, ya ce, "Lafiya lau, ɗana. Ido yana mantuwa, hanci ne ba ya yi." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Shekarunsa na ƙarfi duka ya yi su ne a aikin kashe gobara, faya sabis kamar yadda muke cewa a Akra, kwana-kwana a bakin 'yan'uwanmu na Kano. Kuma da ba haka yake ba. Tun Sallar 2015 ya fara wannan tafiya.

Zango, wato unguwanni irin tamu, ya iya rashi, ya tanadar wa kowa kalmarsa. Wanda shagonsa ya ƙone, a je masa jaje. Wanda ya rasa rai, a yi masa ta'aziyya, a zauna makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Wanda ya fito da ransa, barka da arziki. Mutumin da ya kutsa cikin hayaƙin ya ɗauko gawar da hannunsa, shi ne ba mu da abin ce masa da ya wuce "sannu da aiki", idan ma an tuna. Wani lokacin abin da yake samu jifa ne, don an ce ya zo a makare.

Wannan shiru yana da asali, kuma asalinsa bariki ne. Lokacin da Turawan Ingila suka kafa rundunar 'yan sandan yaƙi ta Gold Coast a 1879, "Hausawa" ake kiran dakarunta, ko da mutum Bamoshe ne ko Badagombe, kuma Hausa ta zama harshen fareti da ba da oda. Jikokin wannan runduna ne aka kai Gabashin Afirka a yaƙin duniya na farko, aka kai su Boma a na biyu, wanda sunansa ya liƙe wa babban barikin soja na Akra har yau. Da suka dawo, da yawa sun sauka a Nima, wadda a lokacin sabuwar unguwa ce da ta taso daga filin da Malam Amadu Futa ya samu a hannun iyalan Odoi Kwao a farkon shekarun 1930. Tarihi ya riƙe abin da mazan jiya suka nema a fili: haƙƙinsu da aka hana su, wanda ya sa suka yi tattaki ranar 28 ga Fabrairu 1948 aka harbe uku daga cikinsu, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Abin da suka dawo da shi a ƙirji kuwa, kakanninmu ne kawai suka riƙe labarinsa: wane da ke zabura cikin dare yana ba da oda, wane da ke faɗawa ƙarƙashin gado idan an yi tsawa. "Ya dawo daga Boma da iska," haka ake cewa, a ba shi rubutu ya sha, a ja labule.

Turawan da suka kai su ma ba su fi mu sani ba. A 1915 wani likitan sojan Ingila, Charles Myers, ya rubuta a mujallar Lancet game da sojojin da suka rasa gani ko jin wari ko tuna abin da ya wuce ba tare da rauni a jiki ba, aka laƙaba wa abin sunan girgizar harsashin igwa. Duk da haka rundunar Ingila ta harbe sojojinta 306 a wancan yaƙi bisa laifuka irin su gudu daga fagen fama da ragwanta, kuma sai a 2006 aka yi musu afuwa. Darasin bariki ɗaya ne a ko'ina: namiji ba ya kuka, wanda ya ce ya gaji da gani rago ne.

A wannan ƙwarya aka dama aikin kashe gobara na Ghana. An kafa hukumar ta ƙasa a 1963, zamanin Kwame Nkrumah, da doka mai lamba 219, aka tattara aikin da a da yake warwatse wuri guda. Ta ɗauki kaki da fareti da muƙamai irin na soja. Makarantar horonta tana James Town, a bakin teku, inda kurtu ke koyon naɗe mesa, hawa tsani, ɗaukar mutum a kafaɗa, da shiga ɗaki mai hayaƙi da tukunyar iska a baya. A 1997 doka mai lamba 537 ta faɗaɗa aikin, ta haɗa da rigakafi da ceto a kowane irin haɗari. Ma'anar wannan a aikace ita ce, mutumin da aka horar don ya yaƙi wuta shi ne kuma zai sauka rijiya ya ɗauko yaro, shi zai yanka ƙarfen motar da ta maƙure a kan direba yana jin numfashinsa yana raguwa. Lokacin da manyan motocin fasinja biyu suka yi karo a hanyar Kintampo zuwa Techiman a Maris 2019, ɗaya ta kama da wuta, fiye da mutum hamsin suka rasu, ma'aikatan kashe gobara na cikin waɗanda suka tsaya a kan abin da ya rage.

A can waje kuwa, a daidai wannan tsakani, ciwon ya samu suna. Tsofaffin sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam sun yi ta matsa lamba, har a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta shigar da shi cikin kundin cututtukanta, wato ciwon firgicin bayan masifa. Alamominsa kowane ɗan Nima da ya zauna da mazan jiya zai gane su: abin ya riƙa dawo wa mutum a mafarki ko ido biyu kamar yanzu yake faruwa, ya riƙa kauce wa duk abin da zai tuna masa, ya zama kullum a zabure, barci ya ƙaurace, fushi ya matso kusa. Bayan shekara uku, a ranar 16 ga Fabrairu 1983, wutar daji ta kashe mutum 75 a kudancin Ostareliya. Wani likita, Alexander McFarlane, ya bi ɗaruruwan masu kashe gobarar da suka yi wannan aiki, ya tarar fiye da shekara biyu bayan nan wasunsu ba su warware ba. Daga nan aka daina cewa ciwon soja ne kaɗai. A shekarar ce kuma Jeffrey Mitchell, wanda shi kansa ya taɓa yin aikin kashe gobara da na motar asibiti a Amurka, ya fito da wani tsari: bayan mummunan aiki, cikin kwana ɗaya zuwa uku, a tara waɗanda suka je, kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da ya ji a ransa. Tsarin ya bazu kamar wutar kaka, musamman bayan harin 11 ga Satumba 2001, inda ma'aikatan kashe gobara 343 na birnin New York suka mutu a yini guda.

Wata huɗu kafin wannan hari, Akra ta ga baƙar Larabarta ta farko. Ranar 9 ga Mayu 2001 ana wasa tsakanin Hearts of Oak da Asante Kotoko, Hearts na gaba da ci biyu da ɗaya, magoya baya suka fara jifa da kujeru, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, ƙofofi kuma a rufe. Mutum 126 suka mutu a turmutsutsu. Zango ya ji wannan a jika, don da yawa daga mamatan samarin Nima ne da maƙwabtanta, kuma bayan jana'iza fushi ya ɓarke a kan titin Nima. Shugaba Kufuor ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Sam Okudzeto. Ɗaya daga cikin abubuwan da wannan rana ta haifar shi ne hukumar motocin asibiti ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2004. Ƙasa ta koyi darasin yadda za a kai mai rauni asibiti da wuri. Waɗanda suka yi ta jera samari a ƙasa a daren nan, sahu-sahu, suna cire wa wani riga su rufe fuskar wani, sun koma bakin aiki washegari.

Laraba ta biyu ta zo ranar 7 ga Nuwamba 2012, da safe, lokacin da benen kantin Melcom na Achimota ya rufta. Kwanaki aka yi ana tono, har da tawagar ceto daga Isra'ila, aka fito da mutane da dama da rai, 14 suka rasu. Masu aikin ceto sun san wani abu game da irin wannan tono: akwai lokacin da ake kashe duk injuna, a yi tsit, a kasa kunne ko za a ji ƙwanƙwasa daga ƙarƙashin kankare. Muryar da ka ji jiya ka ce mata "yi haƙuri, muna zuwa", yau ka kira ba ta amsa ba, ita ce ke bin mutum gida.

Sai Laraba ta uku, 3 ga Yuni 2015. Hausawa na cewa gobara daga kogi maganinta Allah, kuma ban taɓa zaton zan ga karin maganar nan da ido ba. An wuni ana ruwa, da dare kogin Odaw ya cika ya tumbatsa, shataletalen Kwame Nkrumah ya zama tafki. Masu komawa gida, direbobi, 'yan talla, suka fake a gidan man GOIL. Mai ya tsiyaye ya hau kan ruwan, ya bi shi, wuta ta kama daga nesa ta biyo man ta dawo. Mutane suna tsaye cikin ruwa wuta ta same su. Fiye da mutum 150 suka rasu a daren, tsakanin wutar da ambaliyar. Motocin kashe gobara sun sha wuya kafin su isa, don hanyoyin duk ruwa ne. Da gari ya waye, aikin da ya rage na ɗauka ne, ana lodawa a bayan motoci zuwa asibitin soja na 37 da asibitin 'yan sanda da Korle Bu. Shugaba Mahama ya ayyana makokin kwana uku. Dattijon layinmu yana cikin masu ɗaukar. Bayan wata uku da 'yan makonni aka yi Babbar Sallah, yara suka hura wutar babbaka, shi kuma ya gano hancinsa bai bar shataletalen ba.

Manyan masifu su ne ke shiga jarida, amma abin da ke cinye ma'aikaci a hankali shi ne na yau da gobe, kuma babu inda ya fi Agbogbloshie nuna wannan. A gefen tafkin Korle, ƙetaren kasuwar doya da ta albasa, unguwar Old Fadama ta cika da mutanen arewa, musamman bayan rikicin Konkomba da Nanumba da Dagomba na 1994. Ɗakunan katako ne da kwano, manne da juna, wayoyin lantarki a saƙe sama kamar yanar gizo-gizo, 'yan mata kayaye masu dako su goma ko fiye a ɗaki guda, ga kurfoti, ga tukunyar gas, ga kyandir idan an ɗauke wuta. A filin bola kuma samari na ƙona wayoyi da tayoyi don su fitar da jan ƙarfe, har zuwa 1 ga Yuli 2021 da aka rushe wurin aka mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku. Idan wuta ta tashi a irin wannan wuri, mota ba ta da hanyar shiga. Sai ta tsaya a bakin titi a ja mesa ta lungu, a kan kwata, a tsallake kayan da mutane ke fitarwa. Tankin mota 'yan dubban lita yake ɗauka, wanda mesa ke zuƙewa cikin mintuna, famfon gobara kuma ko babu shi ko an gina shago a kansa. Motar ta juya ɗebo ruwa, jama'a su ce, "Sun zo ba ruwa!" Daga nan sai zagi, wani lokacin sai duwatsu. Hukumar ta sha kokawa a fili kan dukan ma'aikatanta a wurin gobara. Ka auna mutumin da ya san akwai yaro a ɗakin can, ya san da ruwa ya kai minti biyar da ya isa gare shi, ga kuma uwar yaron tana tsine masa da harshen da tasa uwar ke yi masa addu'a. Wannan ba tsoro ne ke damunsa daga baya ba, ganin laifin kai ne, kuma shi ya fi wuyar fita.

Su ma mutanen unguwar ba a bar su sun huce ba. Ranar 20 ga Yuni 2015, azumi na kwana uku, katafilolin hukumar birni suka rushe ɓangaren Old Fadama da ke bakin ruwa, da hujjar buɗe wa Odaw hanya. Wanda kaki ya rushe wa ɗaki jiya, da wuya ya bambance kaki da kaki idan jiniya ta iso gobe.

To, yaya suke yi su ci gaba? Yawanci da abin da ke hannu. Akwai barkwancin da ke tsakaninsu bayan an dawo, irin wanda bare zai ji ya ce ba su da imani, alhali shi ne murfin tukunya. Akwai wankin mota da naɗe mesa, aikin hannu da ke ba zuciya lokaci. Akwai alwala da raka'a biyu, akwai coci ga Kirista. Akwai kuma hanyoyin da ke kai mutum rami: giya, tramol, maganin barci ba bisa ƙa'ida ba, da huce haushi a kan mata da yara. Matan ma'aikata su ne suka fi kowa sanin wannan tarihi, don su ke jin zabura da tsakar dare.

Abin mamaki shi ne inda ilimin likitoci ya juyo ya sauka. Da aka auna tsarin tara mutane a sa su amayar da komai a zama ɗaya, sai bincike ya nuna ba ya hana ciwon, wasu ma yana iya fama musu miki. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar da jagorar agajin farko na zuciya, wadda ta tsaya a kan abu uku: duba halin da mutum ke ciki, saurare shi idan yana son magana ba tare da tilas ba, sannan ka haɗa shi da danginsa da abin da yake bukata. Likitoci sun kuma yarda cewa yawancin mutane suna warwarewa da kansu cikin makonni idan suna da masu tallafa musu, shi ya sa ba a kiran abin ciwo sai alamomin sun wuce wata guda. Duk wanda ya taɓa zaman makoki a zango ya san wannan tsari. Ka zo ka zauna a tabarma. Ba ka tambayar mai rashi ya ba ka labarin yadda aka yi. Ka kawo koko da ƙosai, ka ce "ya ƙarin haƙuri", ka yi shiru. Ka dawo ran uku, ka dawo ran bakwai, ka dawo ran arba'in ka ga ko fuskar ta saki, tunda labarin zuciya a tambayi fuska. Kusan shekara ɗari aka yi daga Myers zuwa wannan jagora, kuma abin da aka iso gare shi yana shimfiɗe a ƙofar gidajenmu. Mu dai ba mu taɓa shimfiɗa wa mai kaki tabarmar ba.

Sai dai kada mu yi wa kanmu kirari da yawa. Haƙurin da muke ba mutum yana iya zama marfin baki, idan "ka yi tawakkali" na nufin "kada ka sake tayar da maganar". Idan arba'in ta wuce mutum bai dawo daidai ba, addu'a na nan a wurinta, amma akwai magani da aka gwada, irin na zama da masanin halayyar ɗan'adam mako-mako ana bin abin da ya faru a hankali har ya daina yanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar irinsa a 2013, ta kuma yi gargaɗi kan dogaro da ƙwayoyin kwantar da hankali. A nan ne tsoron suna ke tare hanya. Asibitin ƙwaƙwalwa na Akra ya buɗe tun 1906 a matsayin gidan mahaukata, har unguwar da ke gefensa ta ci sunan Asylum Down, kuma a kunnen ɗan zango zuwa can yana nufin an gama da kai. Manyan asibitocin gwamnati na wannan fanni uku ne, Akra da Ankaful da Pantang, duka a kudu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, ta zo da nufin sauko da kulawar zuwa asibitocin unguwa, ta kuma kafa hukuma ta musamman. A 2013 aka yi dokar da ta kafa majalisar masana halayyar ɗan'adam. A 2023 majalisar dokoki ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, bayan ya zauna a kundin tun 1960. Kafin nan, ma'aikacin da abin ya kai shi bango, da ya tsira, kotu ce ke jiransa.

Doka ta yi nata tafiyar, saura tashar da unguwa. A tasha, abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowa ba: oga ya san wanda ya ɗauki yaro a daren jiya ya ba shi hutun kwana biyu ba tare da ya roƙa ba, a samu abokin aiki da aka horar ya riƙa leƙa shi har wata guda, a kuma tabbatar ganin likita ba zai taɓa ƙarin girmansa ba. A unguwa kuma, limaman da ke tara kuɗin jaje bayan gobara suna iya tura mutum uku zuwa tashar da ta zo, kamar yadda ake tura wakilai gidan rashi. Samarin da ke zaman ataya a bes-bes, majalisun hira na Nima, su ne ke fara isa wurin wuta da bokiti kafin jiniya, su ma suna ganin abin da ma'aikaci ke gani, kuma su ne za su iya tsayawa tsakaninsa da masu jifa. Wutar da ta cinye babban ɓangaren kasuwar Kantamanto a farkon Janairu 2025 ta nuna kiran ba zai daina zuwa ba.

Sallar da ta wuce, da na ga dattijon ya saɓa riga, na bi shi. Na sayi ruwan leda biyu da goro a tasha, muka shiga trotro ɗaya bai ce mini komai ba. A bakin teku ya samu wani kwale-kwale da aka kife ya zauna a inuwarsa, fuskarsa na kallon ruwa, iska na busowa da warin gishiri. Na tsuguna na ce, "Baba, jaje na zo yi maka." Ya daɗe bai amsa ba. Ya ɓare goron, ya miƙo mini rabi.

"Kai ma ka zo a makare, kamar faya sabis," ya ce. "Zauna."